Rumfar Kifin da Ba Ta Taɓa Gusawa Ba

A duk gaɓar gabashin Newfoundland babu ginin da ya daɗe tsaye a wuri ɗaya kamar rumfar kifin gidan Keeping da ke Dunnage Cove. Shekara ɗari biyu ta yi a kan dirkokinta, ƙafafunta a cikin teku, iska ta buga ta bar ta, ƙanƙara ta tura ta gaji, ita kuwa ko taku ɗaya ba ta taɓa gusawa ba. Haka aka rubuta a allon da kwamitin tarihin garin ya kafa, da manyan baƙaƙe, har da zanen rumfar a gefe. Melvina Keeping ba ta taɓa karanta allon ba. Ita a cikin rumfar ta zo garin, a kan gangunan mai, kwalekwale uku na jan su, tana da tsohon ciki, tana amai ta ƙofa.

A wani tsibiri aka haife ta, can cikin teku, inda yanzu babu kowa sai tsuntsaye da kaburbura. A tsibirin ba a gina ɗakin girki sai tagarsa na kallon mashigi, ɗan tsukin nan da kwalekwale ke bi ya shigo daga teku. Ba don kallon kyau ba. Da taga mace ke tsara yininta. In ta hango kwalekwalen mijinta ya nutsa har baki, ta san an samu, sai ta sauke tukunya ta ɗaura ƙyallen aiki ta gangara rumfa. In ya shigo yana rawa a kan ruwa kamar ƙwarya, ta san yau shiru za a ci abinci. In bai shigo ba, ita ce za ta fara sani. Uwar Melvina a bakin irin wannan taga ta tsufa, kakarta ma haka, ita ma ba ta taɓa zaton taga abu ne da mace za ta roƙa ba.

Shekarar da ta auri Hedley Keeping ne gwamnati ta lura cewa mutanen tsibirai sun yi nisa da likita da makaranta. Maimakon a kai musu likitan, aka ga ya fi sauƙi a kwaso su. Suka taso, amma ba su bar gidajensu ba, don a wurinsu gida abu ne da ake tafiya da shi: a ɗaura masa ganguna, a jira ruwa ya kwanta, a ja. Surukinta, tsoho Eldred, ya ce ko matarsa zai iya bari a tsibirin, amma ban da rumfa. Aka sauke ta daga dirkokinta aka ɗaura mata nata gangunan. Akwai gishiri a ciki da ba a so ya jiƙe, ana bukatar wanda zai zauna ya riƙa ɗaga buhuna in ruwa ya shigo, kuma a gidan babu wanda ya kai amarya rashin aikin yi.

Mutanen Dunnage Cove suka tarbe su yadda ake tarbar baƙon da ya zo da katifarsa. Suka laƙaba musu suna 'yan ganga, suka ba su ragowar gaɓa, wani siririn wuri tsakanin duwatsu biyu. Aka ɗora gidan a sama, aka kafa rumfar a ƙasa. Da Melvina ta shiga ɗakin girki ta ɗaga labule, sai ta ga jan katako ya cika tagar daga gefe zuwa gefe. Ɗaya bangon dutse yake kallo, ɗayan kuma bayin maƙwabta.

"Baba, ai rumfar ta tare mashigi," ta ce wa surukin.

"Taga za ki ci ko kifi?" in ji Eldred, bai ma ɗago kai ba.

Hedley ya fi ubansa taushi. "Yi haƙuri, Vina. Bari kakar kifin nan ta wuce, mu matsar da ita." Mutum ne mai riƙe alkawari ta fuska ɗaya: duk shekara sai ya sake yin sa.

Rumfar ta cinye ƙuruciyarta ba ta ƙoshi ba. Daɓenta sanduna ne da aka jera da rata a tsakani don hanjin kifi ya faɗa ruwa, kuma ta inda hanji ke fita ta nan iska ke shigowa, ta bi ƙarƙashin siket ta zauna a ƙugu. Maza su watso kifi daga kwalekwale, wani ya yanke maƙogwaro, wani ya cire kai, Hedley ya feɗe, Melvina ta jera ta zuba gishiri. Gishirin ya tsaga mata hannu, ya shiga tsagar, ya sake tsaga ta. A kusurwa akwai gangar hantar kifi tana ruɓewa a hankali don a sami mai. Da man nan ake kwaɓa jar ƙasa a shafe bango, kuma launin ke nan da baƙi ke cewa yanzu yana taɓa musu zuciya. Naƙudar ɗanta na biyu a can ta kama ta, aka ce ta ƙarasa layin da ta fara. 'Ya'yanta suka girma a cikin warin, kowanne yana kawo ƙarfi ya nufi neman aiki can nesa, Alberta ko Ontario, bai waiwayo ba.

Duk wannan ba ta riƙe shi a zuci ba. Aiki ne, kusan kowace mace a garin ta yi irinsa. Abin da ta riƙe shi ne, duk lokacin da take so ta san ko maza sun dawo, sai ta sa takalmi, ta rufa kwat, ta fita cikin iska ta zagaya rumfar kamar mai neman akuya.

Ran da zuciyar Hedley ta tsaya, a teku ta tsaya, da tsakar rana, yana jan raga. Wani abokinsa ya ɗaura kwalekwalen a bayan nasa ya jawo shi. Duk macen da ke garin ta ga shigowarsu ta tagarta: kwalekwale biyu, na baya babu mutum a tsaye. Melvina tana kwaɓa burodi, tana kallon jan katako. A garin ba a ƙwanƙwasa ƙofa, turawa ake yi a shiga. Ranar maƙwabciyarta Idella Cluett, matar mai kanti, ta ƙwanƙwasa. Baƙar riga ce a jikinta. Har ta sami lokacin canza kaya.

Melvina ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Bayan an rufe shi ta je wurin ƙaninsa Baxter, wanda rabin rumfar nasa ne, ta ce a rushe ta.

"Ragata fa, Vina? A ɗakin girkinki zan rataye ta?"

Ba a daɗe ba aka hana kamun kifin gaba ɗaya, bayan manyan jirage sun share teku tas. Ta koma wurin Baxter. Ya ce kifi zai dawo. Kifi bai dawo ba, ragar ta ruɓe a rataye, Baxter ya tsufa yana zuwa kowace safiya ya buɗe ƙofar rumfar, ya leƙa, ya rufe. Melvina ta jira shi ya mutu, kuma ba ta ɓoye ba. Bai yi gaggawa ba. Ran da aka kai shi, ta haura saba'in.

Rabin Baxter ya faɗa hannun ɗansa Garland. Wannan Garland, yana yaro, in aka aike shi rumfa da hula yake toshe hanci, in kuma yaran gari suka kira shi ɗan ganga sai ya rantse musu shi a asibiti aka haife shi. Ya tafi aikin mai a Alberta, ya dawo da tumbi, da babbar mota, da ciwon baya, da wata ƙauna ga kakanni wadda ba wanda ya san lokacin da ta kama shi. Aka zaɓe shi magajin gari, don ba wanda ya nema sai shi. Ya kafa kwamitin tarihi, ya sayi jirgin kai baƙi kallon duwatsun ƙanƙara da ke yawo a teku. Wata safiya ya turo ƙofar Melvina.

"Gwaggo Vina, kin san abin da Allah ya ajiye miki a ƙofar gida kuwa?"

"Na sani. Itacen murhu na hunturu biyu, in an yi tattali."

"Haba Gwaggo! Tarihi ne fa. Tun daga Toronto mutane ke zuwa su ɗauke ta hoto."

"Hoto kawai? Su ɗauke ta duka mana, ni zan ba su igiya."

"Shekararta ɗari biyu a nan."

Ta ajiye butar shayi a hankali. "A ina?"

"A nan... a gidanmu. A zuri'armu nake nufi."

"Kai Garland ɗan Baxter, dube ni da kyau. Na yi maka kama da kwamiti?"

Ya shanye shayinsa, ya yaba burodin, ya fita. Yadda aka sami ɗari biyun ba wani abin ɓoyewa ba ne. Eldred ya taɓa cewa kakansa ne ya gina rumfar, Garland ya ba kowane kaka shekarun da suka dace da mutumin kirki, ya tara. Zancen tsibiri kuwa bai shiga ba. Jikokin 'yan ganga ba sa so a tuna, 'yan asalin gari kuma, da suka ga rumfar ta zama abin alfahari, sai suka tuna cewa tun suna goye take nan.

Melvina ta nemi mazan da za su rushe mata rabinta. A garin ba a ɗaukar maƙwabci ƙwadago, roƙonsa ake yi, kuma ba a taɓa jin an hana macen da mijinta ya rasu hannu ba. Wannan karon duk namijin da ta tunkara sai ta tarar ciwon kafaɗa ya riga ta zuwa.

Da zafi ya shigo, wata mata ta zo daga ofishin kula da kayan tarihi na babban birni, sunanta Misis Pardy. Mace ce mai hankali, ta san aikinta. Ta auna, ta ɗauki hoto, ta sa dogon takalmi ta shiga ƙarƙashi ta duba dirkoki, ta daɗe tana kallon yadda ƙofar ke buɗewa kai tsaye kan ruwa. Garland ya gabatar mata da Melvina a matsayin mace ta ƙarshe da ta zuba gishiri a ciki, ya roƙi Gwaggo ta ɗaura tsohon ƙyallen aiki ta riƙe wuƙa a ɗauke ta hoto.

"In na riƙe wuƙa kusa da kai, ɗan nan, ba hoto za a ɗauka ba, gawa za a ɗauka," in ji Melvina.

Misis Pardy ta yi dariya, a zatonta wasan dangi ne. Melvina ba ta gaya mata zancen tsibiri ba. Ba a tambaye ta ba, kuma ita ma, kamar kowa a garin, ba ta ga abin labari a ginin da aka taɓa ja ba. Baƙuwar ta ce in ƙanƙara ta narke za ta dawo da farantin tagulla a manna a ƙofar, shaidar cewa ƙasa ta san da rumfar. Tana shiga mota ta ƙara da cewa, "Ku dai kula da ita. Kada ku bari wani abu ya same ta kafin nan."

Washegari Melvina ta ɗauki ƙarfen ɓamɓare ƙusa na Hedley ta gangara. Ta cire katako ɗaya daga bangon da ke kallon tagarta, ta ja shi gida, ta sassare, ta dafa shayi da shi. Ya ci da kyau, shekarun man hanta ba su tafi a banza ba. Gari ya waye ta cire wani. Garland ya zo yana haki, hannu a ƙugu.

"Gwaggo! Dukiyar ƙasa kike ƙonawa!"

"Rabina nake ƙonawa. Naka yana can wajen ruwa, je ka duba, ban taɓa ba."

Sai ya shiga mayarwa. Ita ta cire da safe, shi ya kafa sabo da yamma, ya shafa masa jan fenti, ya bubbuga shi da sarƙa don ya tsufa. Kafin sanyi ya kankama, bangon nan mai shekara ɗari biyu ko wata uku bai cika ba, Melvina kuwa ba ta nemi itace a wurin kowa ba. Mashigi dai ba ta gan shi ba, don ko ta cire nata, bangon Garland na can baya a tsaye.

Aka kira taro a zauren coci. Garland ya yi jawabi a kan gumin kakanni. Ya ce in rumfar nan ta tafi, me za a nuna wa jikoki? Idella, wadda yanzu ke saƙa wa baƙi safa da hula, ta share hawaye. Melvina ta miƙe daga layin baya, ba ta jira an ba ta izini ba.

"Jikokin wa? Nawa suna Alberta, sun ɗauka a kwali ake haifar kifi. Gumin kakanni! Kai ka taɓa ganin gumi a rumfar nan? Majina ce ke daskarewa a hanci, ba gumi ba." Ta ɗaga hannuwanta, yatsun a lanƙwashe kamar ƙugiya. "Ga tarihinku nan. A manna farantin a nan mana! Lokacin da muke tsaye a ciki, wa ya zo daga Toronto? Wa launin ya taɓa wa zuciya? Cewa kuke muna wari. Ke Idella, har matsawa kike yi a coci, ko na yi ƙarya? Sai da kifi ya ƙare, mazan suka mutu, warin ya tafi, sannan ta yi kyau. Ashe dama mu ne ke ɓata ta."

"Gwaggo, ba wanda ya ce..."

"Rufe mini baki, ina magana. Ni ban ce a ba ni komai ba. Taga nake so. Kowace mace a zauren nan tana da taga. An shigo da mijina a kwance, har karnuka sun riga ni sani. Kafin a fitar da ni daga gidan nan ina so in zauna a kujerata in ga mashigi, ko da ba abin da zai shigo sai iska."

Ta koma ta zauna. Can sai Kawu Chesley Noseworthy, wanda ya girmi kowa a garin, kunnensa kuma ya yi nauyi har rabin maganar ta wuce shi, ya ɗaga sandarsa.

"Wai duk hayaniyar nan a kan rumfa ce? To a ja ta mana."

Aka dubi juna, kowa na jin kunyar bai riga shi faɗa ba. Rabin gidajen garin daga wani wuri suka zo. Zauren da suke zaune ciki ma makarantar wani ƙauye ce da aka jawo a kan ƙanƙara. A Dunnage Cove matsar da gini bai fi matsar da kujera ba. Garland ya ga alheri ta ko'ina. Misis Pardy ta ce kada wani abu ya sami rumfar, abubuwan da ke iya samun ta kuwa biyu ne, ƙanƙarar teku da Gwaggo Vina, kuma dukansu a gaɓa suke. A kan tudu, kusa da coci, inda motocin baƙi ke tsayawa, ba mai kai wa gare ta a cikinsu. Ba wanda ya kawo shawarar a tambayi birni, kamar yadda ba wanda ke neman izini kafin ya matsar da kujera. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Melvina ta ɗaga duka biyu.

Aka jira dusar ƙanƙara ta yi tauri. Aka ɗaga rumfar daga dirkokinta, aka zura mata gungume biyu a ƙasa, aka ɗaura igiyoyi. Duk namijin da ke iya tsayuwa ya fito, ciwon kafaɗa ya warke gari guda a rana ɗaya. Kawu Chesley ya ba da waƙar ja, wadda ba wanda ya tuna sai amshinta, a ƙarshen amshi kuma ake fizga. Aka fizga, rumfar ta yi kuka kamar saniya, ta matsa kaɗan. Aka sake. Mafi ƙuruciya a kan igiyar ya haura hamsin, kafin a kai gindin tudu an zaunar da mutum biyu ana laluben ƙwayoyin magani a aljihunsu. Ragowar tafiyar katafilar share hanya ce ta yi ta, amma an roƙi direban ya kauce duk lokacin da za a ɗauki hoto.

Al'ada ce mai gini ya ciyar da masu ja. Melvina ta dafa naman gishiri da kabeji da dankali a tukunyar wanki, ta gasa burodi, ta fito da kwalbar giyar da Hedley ya ɓoye ya mutu bai shanye ba. Ta yi dariya ranar, har wasu suka gano tana da wushirya. Garland sau biyu ta zuba masa, ta kira shi ɗana.

Da suka watse ta wanke tagar ciki da waje, ta goge da jarida, ta cire labulen ta mayar da shi tsumma, ta jawo kujera. Ga mashigi nan tsakanin baƙaƙen duwatsu, ya daskare fari fat. Bai kai girman da take tunawa ba. Babu kwalekwale, babu komai, sai hankaka jefi-jefi. Ba ta damu ba. Ta zauna da shayinta tana ganin ba abin da ke shigowa, da idonta, ba sai Idella ta zo ta gaya mata ba. Hunturun nan, in ji masu leƙa ta, ba a ji ta zagi kowa ba sai gwamnati.

Ƙanƙara ta narke, Misis Pardy ta dawo da farantin tagulla a jaka. Ta tsayar da mota a gaɓa, ta tarar da dirkoki tsirara a cikin ruwa. Aka hau da ita tudu, inda gari ya taru da kayan zuwa coci, an ɗaura wa ƙofar rumfar jan ƙyallen da za a yanka. Rumfar na tsaye tsakanin maƙabarta da wurin ajiye motoci. Ƙofar da ake watso kifi ta ciki tana buɗewa kan kabarin wani fasto.

Misis Pardy ta dubi ƙofar, ta dubi kabarin.

"Ina tekun?" ta tambaya.

"Ga shi can, ranki ya daɗe," in ji Garland. "Ana hango shi in an hau dutsen nan."

"Wa ya ce ku matsar da ita?"

"Ai ke kika ce mu kula da ita. Ko ƙusa ɗaya ba ta faɗi ba. Da hannu muka ja, irin na da, akwai hotuna."

Ta yi musu bayani a hankali, kamar mai sanar da rasuwa. Katakon ba wani abu ba ne, in ji ta, tana ganin har da na bara a ciki. Abin da ofis ya daraja shi ne rumfa a inda aka kafa ta, ƙafarta a ruwa, ƙofarta a inda kwalekwale ke tsayawa. Rumfar kifi a kan tudu ɗakin ajiye shebur ce. Ba za ta iya manna farantin ba sai gini yana mazauninsa na asali.

"Wannan ai mai sauƙi ne!" Garland ya tafa hannu. "Mu mayar da ita! Kawu Chesley, igiyoyin suna nan ko?"

Melvina ta ratso taron. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata waɗanda suka san ta ke nan.

"Duk wanda ya sa wa rumfar nan igiya ya nufi ƙofata da ita, ya fara sallama da iyalinsa. Ke kuma 'yata, mazauni na asali kika ce? To ki nemi gangunan mai da kwalekwale uku. Tsibiri ne, tafiyar yini guda in ruwa ya kwanta. Ni na zo da ita, ina ciki, ni da buhunan gishiri. In za a mayar, wannan karon a sa Garland a ciki."

Misis Pardy ta dubi mazan. "Gaskiya ne?"

Mazan suka dubi takalmansu. Kawu Chesley, wanda kalmar ganguna ce kaɗai ta shiga kunnensa, ya washe baki ya ce ai shi ne ya tuƙa kwalekwalen tsakiya, kuma ranar ruwa ya yi kyau ƙwarai.

Farantin ya koma birni a jakar da ya zo. Ba a yanka ƙyallen ba. An dai ci kek, tunda an riga an gasa.

Saura allo. Tun ziyarar Misis Pardy ta farko kwamiti ya ba da aikinsa, an yi shi ƙato don baƙin da ke cikin jirgin Garland su karanta tun daga ruwa, an rubuta, an zana, an kawo, kuma ba a mayar da allon da aka riga aka rubuta. Kwamiti ya zauna a kan inda za a kafa shi. A kan tudu ba zai yiwu ba, don rubutun ya fara da "A nan" kuma ya yi maganar ƙafafu a cikin teku. Wani ya tuna cewa dirkokin rumfar na can a gaɓa, da ƙarfinsu, ba aikin fari ba na baƙi. Aka zaɓi ranar da aka kai Melvina asibitin ido a gwada mata sabon tabarau.

Ta dawo da la'asar, ta ɗora buta, ta zauna a kujerarta, ta sa tabarau ta ɗaga kai. Sannan ta tashi, ta sa takalmi, ta rufa kwat, ta fita cikin iska. Garland na kan tsani yana ƙara ɗaure noti.

"Garland."

"A'a, Gwaggo, har kin dawo? Kai, tabarau ya karɓe ki!"

"Mene ne wannan?"

"Na ɗan lokaci ne, Gwaggo, na rantse miki. Bari kakar baƙin nan ta wuce, mu matsar da shi."

Ta taɓa jin maganar. Abin da ta gaya masa a kan ubansa da kakansa da kakan da ya ba shekaru kyauta, an ji shi har kanti, kuma Idella ta ce bai dace da mace mai shekarunta ba.

Kakar baƙi ta wuce, wata ta zo. Waɗanda Garland ke shigowa da su ta mashigi suna karanta allon tun daga nesa, su ɗauke shi hoto, wasu har su ce sun ji wani abu a ransu. Rumfar na kan tudu, a ciki ake ajiye injin yanke ciyawar maƙabarta. Melvina ta gwada ƙarfen Hedley, amma allon na ƙarfe ne, ba ya ɓamɓaruwa, ba ya cin wuta.

Ya fi rumfar faɗi. Bayansa ne ke kallon tagarta, kuma ba a yi masa fenti ba.